Jidda ko Istanbul: ina ya fi wa mutumin Zariya sauƙin kwana kafin ya hau jirgin ruwan shaƙatawa?

Tun da Saudiyya ta fito da jirgin ruwanta na yawon shaƙatawa mai suna Aroya a watan Disambar 2024, maganar hawa irin wannan jirgi ta fara shigowa cikin hirar mutanenmu nan Zariya, malaman Samaru ne, 'yan kasuwar Sabon Gari ne, har da sabbin ma'aurata masu ɗan hali. Dalilin ba ɓoyayye bane, jirgin babu giya babu gidan caca, abinci halal ne, ga wurin sallah, abubuwan da da suke sa mutum ya ja baya kenan an kawar da su. Katafaren jirgi ne mai tsawon mita 335, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000. Da sanyi yana tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, a 2025 kuma lokacin da mu muke cikin damina sai ya koma Istanbul yana tashi daga can. Banda shi ma akwai jiragen wasu kamfanoni da yawa masu tashi daga Istanbul ɗin. To tambayar da ake yawan yi ita ce wanne za a zaɓa, kuma in an zaɓa a ina za a sauka kafin ranar tashi.

Ni abinda nake so ɗan uwa ya gane tun farko shine, wahalar wannan tafiya ba a cikin jirgi take ba, in ka shiga ka gama, abinci da gado da komai na jiranka. Wahalar tana tsakanin ƙofar gidanka a Tudun Wada ko Gyallesu da ƙofar jirgin. Jirgin ruwa ba motar Kwangila bace da zaka kira direba kace dan Allah ga ni nan tafe a ɗan jira ni, suna rufe karɓar fasinja awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, in ka makara kuɗinka sun tafi sai dai in kana da inshorar tafiya. Saboda haka duk garin da ka zaɓa, kada ka sauka ranar da jirgin zai tashi. Kwana ɗaya kafin nan shine mafi ƙaranci, biyu ya fi kwanciyar hankali, saboda ko akwatinka ya maƙale a hanya yana da lokacin da zai biyo ka.

Bari in fara da biza don ita ce take yanke wa mutane da yawa hukunci tun kafin su yi zaɓi. Mai koren fasfo, kowace ƙasa da jirgin zai tsaya sai ya duba ko tana neman biza, kuma kamfanonin jiragen nan in takardunka basu cika ba a bakin tasha zasu hana ka hawa, ko da ka rantse musu ba zaka sauka a garin ba zaka zauna a ɗakinka. Ta Istanbul, yawancin jirage suna bi ta tsibiran Girka irinsu Mykonos da Rhodes, Girka kuwa tana cikin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kenan biza biyu ke gabanka, ta Turkiyya da ta Shengen, kuma ta Turkiyyar ma dole ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya tunda zaka fita ka dawo. Duk wanda ya taɓa neman Shengen daga Najeriya ya san ba abin sati biyu bane. Ta Jidda kuma abin da mutane basu lura da shi ba shine in jirgi ya taɓa Sharm el-Sheikh a Masar ko Aƙaba a Jodan ya dawo, to ka fita Saudiyya ka sake shiga, biza mai shiga ɗaya ta ƙone tun ranar da kuka bar Jidda. Kada ka yarda da "ai babu matsala Alhaji" na ejan, ka sa kamfanin jirgin da kansu su rubuto maka irin bizar da fasfon Najeriya ke buƙata a wannan tafiyar takamaimai, ka buga takardar ka riƙe. Akwai gajerun tafiye-tafiye da basa fita ruwan Saudiyya, su ne suka fi sauƙin sha'ani ta wannan fannin. Fasfo kuma ya zama yana da sauran wata shida, ga katin rigakafin shawara.

Sai fita daga Zariya. Anan Jidda ta fi Istanbul sauƙi nesa ba kusa ba gaskiya. Kano kilomita 150 da 'yan kai ce, hanya ta gyaru, ka yi asuba a gida ka kama hanya hantsi kana filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma akwai jirgi kai tsaye zuwa Jidda wanda bai wuce awa biyar a sama ba. Istanbul kai tsaye sai ka je Abuja ka hau Turkish Airlines, kusan awa bakwai, kuma zuwa Abujan ma tafiya ce mai zaman kanta, ko dai ka bi titi ko ka je Kaduna ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, wanda ni dai shi na fi so in da tsofaffi ko yara, amma tikitinsa sai an kama da wuri kuma dole ka lissafa kwana ɗaya a Abuja. In ka nace sai ta Kano to zaka yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, kuma a nan ka buɗe ido ka duba wane fili za a sauke ka, domin Istanbul filaye biyu gare ta, babban sabon nan da aka buɗe a 2018 a ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, tashar jirgin ruwan kuma tana ɓangaren Turai. Agogon Saudiyya da Turkiyya duka yana gabanmu da awa biyu, a gyara waya tun a sama.

To yanzu ka sauka Jidda. Ba wanda zai taso daga Zariya ya zo kilomita 80 kacal da Ka'aba ya wuce bai yi umra ba, kuma wannan shine babban abinda ya sa nake karkata ga Jidda in tafiyar ta iyali ce. In da niyyar umra ka taso, haraminka ka ɗaura tun kafin jirgi ya wuce miƙati, ana sanarwa a cikin jirgi, kada ka bari sai an sauka, ragowar hukuncin ka tambayi malaminka kafin ka bar gida. A sabon ginin filin jirgin Sarki Abdul'aziz akwai tashar jirgin ƙasan Haramain a ciki, wanda ya fara aiki a 2018, yana gudun kilomita 300 a awa, ya haɗa Makka da Jidda da Madina. Amma ka duba tikitinka ko a wannan ginin za a sauke ka, don ba duk jirage ke sauka a nan ba. Jirgin ƙasan yana da tsauri kan kaya, babbar jaka ɗaya da bata wuce kilo 25 ba sai ta hannu, in kun zo da manyan akwatuna irin namu to mota ta fi muku, ku ɗauki shata daga fili har ƙofar otal.

Inda ake samun saɓani shine daren ƙarshe. Wasu zasu ce ai zama a Makka ya fi lada, mu yi asuba a Harami sai mu kamo hanya mu wuce tasha kai tsaye. Na fahimci wannan sosai, wa zai ƙi ƙarin sallah ɗaya a Harami. Amma ku dubi jikin Hajiya bayan umra tukuna. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga tafiyar otal zuwa masallaci da dawowa, washegari zaka ga dattijuwa zaune bakin gado ƙafa ta kumbura silifas ya ƙi shiga, tana shafa man zafi tana cewa a ba ta minti goma, kai kuma kana kallon agogo, lif ɗin otal ya cika kowa na sauka lokaci guda, titunan kusa da Harami a rufe saboda sallah mai mota ya ce sai dai ku jawo kaya ku same shi can gaba. In ranar Juma'a ce kuma abin ya ninka. Shi yasa shawarata a yi umra, a kwana Makka ɗaya ko biyu, sannan a dawo Jidda a kwana daren ƙarshe, gari ya waye kuna cikin garin da jirgin yake.

A Jiddan kuma unguwa biyu ce abin dubawa. Tashar jirgin ruwa tana kusa da tsohon gari, wato Balad, filin jirgin sama kuma yana can arewa, kada ka kama otal kusa da filin jirgi kana ganin ka yi dabara, ka yi nisa da komai ne kawai. Wajen Balad otal ya fi araha, ga kasuwa ga abinci, da yamma ka shiga lungunan tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, ka ga gidan Nassif da masallacin Shafi'i, ka bi kasuwar Alawi, kuma ba wuya ka ji ana Hausa a gefenka. Sai dai otal ɗin wajen da yawa tsofaffi ne, a duba hotuna da abinda waɗanda suka kwana suka rubuta. Wajen Hamra da bakin teku ya fi tsada amma ya fi tsafta da sarari, yara zasu sake, da daddare ga ruwan nan na Sarki Fahad yana tsiri sama, tasha kuma ba nisa a mota. In da mata da yara ne ni Hamra zan kai su. Abin da Jidda ta rasa shine abin hawa na jama'a mai sauƙi, babu jirgin ƙasa na cikin gari, gari ne na mota, komai sai Uber ko Careem, kuma tafiyar ƙafa da rana ba ta yiwuwa sosai ko da sanyi ne balle da zafi. Kenan ka sayi layin waya tun a filin jirgi, kuma ka lissafa kuɗin mota a kowace fita. Tashar ma babbar tashar kaya ce, ba a shiga da ƙafa haka nan, ka bi ainihin ƙofa ko wurin taruwar da aka rubuta a takardar hawanka, ka nuna wa direba tun kafin ku tashi.

Istanbul ta wannan fannin wata duniya ce daban. Tasharsu Galataport, da aka buɗe a 2021 a unguwar Karakoy, tana tsakiyar gari ne sosai, jirgi na tsaye mutane na shan shayi a gefensa, duk binciken fasfo da kaya a ƙarƙashin ƙasa ake yi. Taram, wato jirgin ƙasa mai bin titi, mai lamba T1 yana tsayawa a Tophane dab da ita, kuma wannan layin ɗaya shi ne ya bi ta Karakoy ya haye gadar Galata ya bi Eminonu da Sirkeci da Sultanahmet da babbar kasuwa (Grand Bazaar) har Laleli da Aksaray inda 'yan kasuwarmu suke sarin kaya. Kati ɗaya ake saya, Istanbulkart, ka zuba masa kuɗi a na'ura, da shi zaka hau taram da metiro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da bas har da jiragen fito masu haye ruwa zuwa Uskudar. Wanda yake da ƙafa da lafiya wallahi zai ga gari da kuɗi kaɗan, abinda Jidda ba zata ba shi ba.

Amma daga babban filin jirgin zuwa gari akwai jan aiki, kilomita 40 ne ko fiye. Metiro M11 yana kawo ka Gayrettepe ka canza zuwa M2, yana da arha kuma ba ruwansa da gosulo, sai dai canjin akwai doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da akwati biyu da yaro a hannu ba zan ba ka shawara ba. Bas ɗin Havaist ya fi dacewa da mai kaya, yana zuwa Taksim da Aksaray. Tasi kuwa ka tabbatar ya kunna mita ko ka kira ta manhajar BiTaksi ko Uber, in kun kai mutum huɗu ku sa otal ya turo muku mota a yi ciniki tun kafin ku taso.

Wurin kwana a Istanbul, mutanenmu sun saba da Laleli da Aksaray saboda kasuwa da abinci da 'yan uwa, kuma ba laifi, T1 zai kawo ka tasha ba canji. Sultanahmet ita ce ta mai son ziyara, ka fito ƙofa ga masallacin Sultan Ahmad ga Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020, ga fadar Topkapi inda aka ajiye kayan tarihin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbai, sai dai ka sani ana rufe Topkapi ranar Talata, babbar kasuwa kuma ranar Lahadi, mai kwana biyu kacal dole ya daidaita ranakunsa da wannan. Matsalar Sultanahmet ita ce ƙasa, titunan duwatsu ne a jere ga hawa da gangara, ƙananan otal da yawa babu lif, zaka ga mutum yana jan akwati tayar na ƙara kaf-kaf-kaf a kan dutse har ta ɓalle, ya isa taram ya tarar a cike maƙil mutane sun manne da ƙofa, ya bar na farko ya bar na biyu. Mai keken guragu ko ciwon gwiwa zai sha wuya a nan. Karakoy da Tophane su ne kusa da jirgi, wasu otal ɗin da ƙafa ma zaka taka, ga masallacin Kilic Ali Pasha da Nusretiye nan kusa, amma ka tabbatar otal ɗin a ƙasa yake bakin ruwa ba can saman tudun Galata ba, taswira zata nuna maka mita 500 bata gaya maka duk matakala bane. Taksim ban ga dalilin mai iyali ya kwana can ba, hayaniyar dare ta yi yawa. Ni tsarin da na fi gamsuwa da shi, kafin jirgi a kwana Karakoy ko Sirkeci, bayan an dawo a koma Laleli a yi sari. Kuma duk yadda lokaci ya ƙure a je Eyup a ziyarci kabarin Sayyidina Abu Ayyubal Ansari, taram T5 daga Eminonu yana kai wa.

Maganar sari ta tuna min, a duka garuruwan biyu kada a sayi tsaraba kafin a hau. Ɗakin jirgi ƙarami ne, akwati ƙarƙashin gado ake turawa, dabino da jallabiya da dogayen riguna da zamzam duk su jira sai an sauko. Haka ziyarar Madina, in bizarka ta ba ka damar dawowa, ka bar ta bayan jirgi ka yi ta a natse, daga Jidda a jirgin ƙasa bata kai awa biyu da rabi ba.

Kuɗi kuma ba zan kawo farashi ba don yana motsi da lokaci, amma akwai bambancin da ba ya canzawa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun shekaru, abinda ka lissafa a gida kusan shi zaka tarar, sai dai otal ɗin Makka yana tashi sosai a Ramadan da hutun ƙarshen shekara, kuma gab da aikin hajji ana rufe umra ga 'yan waje gaba ɗaya. Lira kuwa kullum cikin faɗuwa take farashi na hawa, wuraren ziyara da yawa ma da yuro suke sa wa baƙi farashi, kada ka canza kuɗi da yawa lokaci guda kuma kada ka canza a filin jirgi. A cikin jirgin ruwa ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinka ake haɗawa da katin banki ko ka ajiye musu dala, to ka gwada katinka tun a gida ka tabbatar yana aiki a waje, ka riƙe tsabar dala ko da ya ƙi.

In ka tambaye ni kai tsaye, mai tafiya da iyaye ko ƙananan yara, ko wanda bai taɓa fita irin wannan ba, ko wanda ba shi da Shengen a fasfo, Jidda ce tasa, tsakanin Disamba da Fabrairu, Kano ya tashi, umra ya samu, harshe da abinci da sallah duk ba baƙi bane. Matashi da amaryarsa masu ƙarfin tafiya, ko ɗan kasuwar da dama yana zuwa Turkiyya kuma bizarsa a shirye take, Istanbul zata fi ba shi abin gani, garin kansa ya isa tafiya ko ba jirgi. Sai dai a sani tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a kudancin Bahar Maliya kamfanoni da yawa sun janye daga yankin, jadawali yana iya canzawa, to tikitin jirgin sama da otal a kama wanda ake iya ɗagawa.

Ranar hawa, manyan akwatuna a bakin tasha ake karɓa a manna musu lambar ɗaki, basa isowa sai bayan awanni, don haka fasfo da magani da caja da sallaya da hijabin canji su zauna a jakar hannu. Dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki ƙwacewa ake yi, goro kuma kada ma a fara shiga da shi Saudiyya, magani a bar shi a kwalinsa da takardar likita. Mai ciki da ta kai sati 24 yawancin kamfanoni basa ɗauka, haka jaririn da bai kai wata shida ba. Kafin jirgi ya motsa akwai atisayen tsira da kowa dole ya halarta, a kai su Baba da wuri a nema musu wurin zama.

Ranar dawowa jirgi da sassafe yake isowa amma sauka rukuni-rukuni ake yi, ga layin fasfo ga neman kaya, kada ka sayi tikitin jirgin sama mai tashi kafin azahar, a Istanbul ma gara la'asar saboda nisan fili da gosulo. In kuma jirginku zai sauka Kano ko Abuja da dare, ku kwana can gari ya waye sannan ku kamo hanyar Zariya.